Tsohon Jirgin Alminiyam: A Gyara Ko A Narka?

Ga bayanin da muka gabatar a filin sana'o'i na wannan mako. Mun rubuta shi don wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji yake so ya ajiye a shago.

Wani zai ce, me ya haɗa Ayigya Zango da jirgin ruwa? Unguwa ce a cikin Kumasi, daura da jami'ar KNUST, a kan hanyar Akra, babu wani kogin da jirgi ke bi. To amma Kumasi gari ne da ƙarfen da ya gaji yake zuwa neman magani. Ga Magazin na Suame, inda dubban makanikai da masu walda ke aiki. Ga kuma hanyar da ta tashi ta Mampong da Ejura da Atebubu ta dangana da Yeji a bakin Tafkin Volta, tafiyar sama da kilomita 200. Ta wannan hanya kifi ke gangarowa, ta nan injin da ya lalace ke zuwa, ta nan kuma tsohon ƙarfe ke isowa hannun 'yan gwangwan. Mutanen Zango kuwa suna cikin duk waɗannan harkoki: tuƙi, fataucin kifi, sayen tsohon ƙarfe, zubin tukwane. Saboda haka in tsohon jirgin alminiyam, ƙarfen nan da wasu ke kira goran ruwa ko sanholo, ya faɗo kasuwa, sau da yawa ɗan Zango ne zai yanke hukunci: a gyara shi ya koma ruwa, ko a sassare shi ya zama tukwane.

Tafkin da alminiyam ya haifa

Ba kowa ya lura ba, amma shi kansa Tafkin Volta alminiyam ne sanadinsa. An soma ginin madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Babban mai sayen wutar tun farko shi ne VALCO da ke Tema, masana'antar narka alminiyam da kamfanin Kaiser na Amurka ya jagoranci kafawa, wadda ta fara aiki a 1967. Ruwan ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya hau, don haka har gobe kututturan itatuwa na nan tsaye a ƙarƙashin ruwa. Duk matuƙin Yeji ko Kete Krachi ya san su, su ne ke fasa jirgi.

Yawancin jiragen da ke tafkin na katako ne. Manyan kwalekwalen bakin teku kuma daga itacen wawa ake sassaƙa su, manyan itatuwan wawa kuwa sai ƙara wuya suke yi a dajin. Shi ya sa gangar jikin jirgin da ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ba abin gaggawar jefawa a wuta ba ce.

Sai dai a kula da inda za a kai shi. Wani tafki da ke kusa da mu shi ne Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. A al'adar masu wurin, ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, shi ya sa masuntansu ke hawa guntun katakon da suke kira padua, suna tuƙi da hannu. Kada mutum ya ɗauki jirgin ƙarfe ya nufi can don kamun kifi bai ji ta bakin sarakunan wurin ba. Maganarmu ta yau ta Volta ce, da irinsa kamar Kainji da Kogin Kwara, daga Gaya zuwa Yawuri.

Halin wannan ƙarfe

Alminiyam ba shi da nauyi. In ka ɗauki gunduwarsa da ta baƙin ƙarfe masu girma ɗaya, nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na wancan. Ba ya kuma yin jar tsatsa, domin da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke kare shi. Duk bayanin yau a kan wannan fata ya rataya. Abin da ya cinye ta ya cinye jirgin, ita ce kuma ke ba mai walda wahala.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauke shi kamar bodin mota, ko kamar kwalekwalen katako. Dabarar da ke gyara waɗancan ita ce ke kashe wannan.

Kafin ka biya kuɗi

A kife jirgin, a wanke da ruwa da sabulu, a duba shi da rana tsaka. Abu huɗu ake nema.

Na farko, farin gari kamar alli da ƙananan ramuka a jikin farantin. Ka sa tsinken ƙarfe ka danna. In a wuri ɗaya ko biyu ne, faci zai yi. In kuwa duk ƙasan jirgin ya zama kamar rariya, to malam wannan na masu tukwane ne, kada ka ɓata kuɗinka. Ƙananan jirage farantinsu bai cika wuce kaurin milimita 2 ba, ba wani nama ne da shi da za a yi ta gurza ba.

Na biyu, ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa. Ka tsuguna a goshi ka hango zuwa baya. In ya karkace ko ya murɗe, jirgin ba zai ƙara tafiya sak ba, zai kuma riƙa shan mai.

Na uku, tsagewa, musamman a kusurwoyin baya inda inji ke jijjiga, da gindin kujeru.

Na huɗu, takarda. Irin waɗannan jirage da dama na hukumomi ne ko na kamfanoni a asali. Ka tambayi inda ya fito, a rubuta maka takardar ciniki da shaidu. Araha ba ta ado, balle ta kai mutum ofishin 'yan sanda.

Neman yoyo da ɗaure ƙusoshi

Tsofaffin jirage da yawa ba walda aka yi musu ba, an haɗa su ne da ƙusa mai kai biyu, wadda masu sana'a ke kira ribit. Shekara da shekaru na dukan igiyar ruwa kan sa su saki. Za ka gane wadda ta saki da baƙin zobe a kewayen kanta.

Hanyar gano yoyo mai sauƙi ce. A ɗora jirgin a kan katakai da tayoyi yadda ko'ina ya samu abin dogara, a zuba ruwa a ciki, a leƙa ƙasa ana zagaye duk inda ya ɗiga da alli. Amma kada ruwan ya wuce tsawon yatsa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. A jirgi mai tsawon mita 4, ruwa mai zurfin santimita 10 kaɗai ya kusa rabin tan. An gina jirgi ne don ya jure ruwa daga waje, in ka cika shi daga ciki kai ne za ka buɗe masa haɗi. A riƙa karkata shi gefe-gefe don ruwan ya kai ko'ina. Da dare kuma mutum ɗaya ya shiga ƙarƙashi da tocila, ɗaya na kallo daga sama.

Ɗaure ribit aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya danne kan da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ɗaya ya bubbuga ɗaya ɓangaren da guduma a hankali, sau uku ko huɗu. In aka cika duka, ramin zai faɗaɗa, an ƙara ciwo ke nan. Wadda ta ƙi ɗauruwa a huda tsakiyarta a cire, a sa sabuwa da ta ɗan fi ta kauri, a shafa mata gam na ruwa kafin a buga. Sabuwar ta zama ta alminiyam zalla. A riƙe mayen ƙarfe a aljihu: duk abin da ya kama, bai dace da jikin jirgin ba. Ribit ɗin bindiga irin na masu tagogi kuwa rami gare shi a tsakiya, ruwa na bi. In dole sai shi, a nemi mai rufaffen gindi.

Maganar walda

Nan ne ake yawan asara. Alminiyam na narkewa a digiri 660, amma fatar nan da muka ambata sai zafi ya haura digiri 2,000 take narkewa. Wato kafin fata ta ji wuta, naman ciki ya zama ruwa. Ga shi kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya yi maka gargaɗi. Kana kallonsa fari fat, sai kawai ka ga ya zube, rami ya buɗe. Yana kuma watsa zafi da sauri ƙwarai, har ya sassauta ƙusoshin da ke kusa, ya ƙona gam ɗin da ke cikin haɗi.

Don haka ba kowane mai walda ne na wannan aiki ba. A nemi mai waldar agon, wanda ya saba da alminiyam. Ka ce masa: "Masta, don Allah a gwada mini a kan guntu mai kaurin wannan tukuna." Mai sana'ar ƙwarai ba zai ji haushi ba. A tambayi wayar da zai yi ciko da ita. Farantin jirage yawanci daga dangin da ake wa lamba 5052 ko 5083 ko 5086 yake, wayar da ta dace da su ita ce mai lamba 5356. A goge wurin da buroshin ƙarfe mara tsatsa wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, a yi waldar nan take. Kafin a kunna wuta a fitar da tankin mai, da soso, da duk wani katako da ke kusa.

In tsaga ce, a fara huda ɗan ƙaramin rami, kamar milimita 3, a kowane ƙarshenta. Wannan ke hana ta ci gaba da tafiya. A sani kuma, gefen da aka yi wa walda yakan yi laushi fiye da da. Shi ya sa a siririn faranti, faci da ribit da gam ya fi walda aminci. A yanka facin da kusurwoyi masu zagaye, ya zarce ciwon da kamar yatsa biyu ta kowane gefe.

Da me za a yi facin? Da farantin alminiyam irin na jirgi. Ban da kwanon rufi: wani siriri ne ainun, wani kuma baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, mayen ƙarfe zai tona shi. Ban da ƙarfen zubi irin na tukwanenmu, wanda ake haɗawa da fistin da kan inji da gwangwani. Yana da kyau a murhu, amma gautsi gare shi, in ya daki kututture fashewa zai yi maimakon ya lotsa.

Abokan gabansa

Na ɗaya, jan ƙarfe da tagulla. In suka haɗu da alminiyam a cikin ruwa sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ne kuma ke cinyewa. Guntun wayar lantarki, ko kwabo, ko ƙugiya, ko dalmar taru da aka bari a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasan jirgi, a hankali sai ta haƙa rami. Haka katakon da aka jiƙa da maganin gara mai launin kore, da fentin ƙasan jirgin katako mai hana gansakuka, galibinsu akwai jan ƙarfe a ciki.

Na biyu, wutar batir. Masu wayarin mota sun saba ɗaura waya ɗaya a bodi ta zama hanyar dawowar wuta. A mota daidai ne, a jirgin alminiyam guba ce. Kowace fitila a ja mata waya biyu, zuwa da dawowa.

Na uku, soda. Iyayenmu mata masu dafa sabulu sun riga mu sanin wannan, ba sa zuba soda a tukunyar alminiyam domin cinye ta take yi. To kada a ce za a cire tsohon fenti da ita. Ruwan toka da ɗanyen siminti ma haka suke.

Na huɗu, gishiri. Ruwan Volta ba na gishiri ba ne, amma kayan da ake ɗauka fa? Buhun gishiri, da kifin gishiri irin koobi, da takin zamani, duk suna tsiyaya su kwanta a ƙasan jirgi. A shimfiɗa leda, a ɗauraye bayan an sauke kaya, a jingine jirgin ya tsane.

Akwai ɗan guntun ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙafar inji ko a bayan jirgi don ya cinye a madadinsu, masu inji na kiransa anod. A ruwan teku na tutiya ake sawa, a ruwan daɗi na maganiziyam ya fi aiki. Ba a yi masa fenti, in ya cinye rabi a canza.

Allon baya da fenti

Inda ake ɗaura inji, yawanci katako ne aka sa a tsakanin faranti biyu. Shi ne ke fara ruɓewa a ɓoye. Ka kama ƙafar injin ka jijjiga, in allon ya motsa to ya mutu. A cire shi a yi amfani da shi wajen auna sabo. A sa filawud na ruwa ko busasshen katako mai ƙarfi, a shafe shi ko'ina da gam mai haɗi biyu, musamman bakin yanka da cikin ramukan noti. Notin ya zama na ƙarfe mara tsatsa, a sa masa gam da wosha ta roba don kada ya goga da farantin kai tsaye. Kada kuma a ɗora injin da ya fi ƙarfin jirgin. In akwai ɗan allon maƙera a jiki, an rubuta iyakarsa a kai.

Fenti kuwa, a ruwan daɗi ado ne kawai. In ana so, a goge da samfefa, a fara shafa fentin shimfiɗa na alminiyam, in ba haka ba cikin 'yan watanni zai ɓare.

Abin da ya fi komai

Jama'a, a nan nake so a kasa kunne. Kwalekwalen katako mara nauyi in ya cika da ruwa, sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su rataya a jiki har taimako ya zo. Jirgin alminiyam in ya cika, ƙasa zai tafi, da shi da inji. Abin da ke hana shi nutsewa shi ne soson da maƙera ke cusawa a ƙarƙashin kujeru. A tsohon jirgi, soson nan ko dai ya sha ruwa ya yi nauyi, ko wani ya cire shi don ya samu wurin ajiya. Mai gyara sai ya toshe yoyo, ya yi fenti mai ƙyalli, ya manta da wannan, domin ido ba ya ganinsa.

Ga lissafin. Alminiyam a cikin ruwa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wato gangar jiki mai kilo 100 za ta koma kamar kilo 63. Ƙaramin inji mai ƙarfin doki 15 ya kusa kilo 40. Ka ga an haura kilo 100 ke nan, ba a sa taru da anga da mutanen da za su rataya ba. In ba a samu soso irin wanda ba ya shan ruwa ba, ga jarkar nan rawaya da muke kira galan ɗin Kufuor. Mai lita 25, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana ɗaga kusan kilo 24. Biyar za su riƙe jirgin da injin da ƙyar, takwas sun fi kwanciyar hankali. Soson katifa kam ban da shi, shan ruwa yake yi.

Inda za a sa su ma da muhimmanci. A fi yawaita su a baya wajen inji, sauran a jera ta gefe biyu a ƙarƙashin kujeru, a sama-sama. In aka tara su a tsakiyar ƙasa, jirgin zai kife ne in ya cika. A ɗaure su da igiya mai ƙarfi a jikin haƙarƙari, domin jarkar da ba a ɗaure ba ita za ta fara guduwa. A kare su daga rana, a riƙa duba murfi. Sannan a gwada: a cire inji, a sa duwatsu masu nauyinsa a wurin, a kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a cika shi da gangan. In ya tsaya a miƙe, an yi aiki. Gara a gani a bakin gaɓa da a gani a tsakiyar tafki.

Duk da haka rigar ruwa dole ce ga kowa, babba da yaro. Ba a manta da hatsarin watan Afrilun 2006 ba, lokacin da jirgi maƙare da mutanen da aka tasa daga dajin Digya ya kife a Volta. 'Yan'uwanmu na Najeriya kuma ba su manta da na Warra a Jihar Kebbi da na Bagwai a Jihar Kano ba, duka a 2021. A Gana, hukumar kula da sufurin ruwa, wadda aka kafa da dokar 2002, ita ke da alhakin lafiyar jirage a tafkin. A je wurin jami'anta a tambayi ƙa'idar rajista da iyakar lodi kafin a fara aiki. Jirgin kamun kifi kuma ba jirgin fasinja ba ne, ko da ranar kasuwa ce.

Lissafin ƙarshe

Ta yaya za ka san ko gyaran ya biya? Ka tambayi farashin kilo a wurin 'yan gwangwan, ka ninka da nauyin jirgin. Wannan shi ne kuɗin da ba za ka rasa ba ko da gyara ya ƙi, don haka kada ka saya da abin da ya zarce shi da nisa. Sai ka tara kuɗin faranti da ribit da mai walda da allon baya da jarkoki da rigunan ruwa, da kuɗin motar da za ta kai shi Yeji. Ka gwada jimillar da farashin sabon jirgin katako mai girmansa, kana tuna cewa mara nauyi ya fi ƙarancin shan mai. In ƙashin baya a miƙe yake, farantin kuma da sauran nama, gyara ya fi. In ba haka ba, a sayar wa masu zubi, babu abin kunya: narka tsohon alminiyam kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na wutar da ake yin sabo da ita, tukunya kuma ita ma tana ciyar da gida.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne rabin gyara, a rufe rami da fenti a sayar wa bawan Allah ya shiga ruwa da 'ya'yansa. Wanda ya gyara, ya faɗa wa mai saye duk inda ya taɓa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun injin kansa: haɗin mai da baƙin mai, da abin da ke sa shi ɗaukar zafi. Masu tambaya su aiko kamar yadda aka saba. Allah ya tsare na ruwa da na tudu, ya sa albarka a sana'a. Mu kwana lafiya.